Ruwan kifi ya koma kore shar: waɗanda suka gwada fitilar UV, me kuka gani?

Baban 'Yan Biyu, Gyallesu
Assalamu alaikum. Tun da zafin nan ya kama, ruwan akwatin kifina ya koma kore kamar miyar kuka. Lita 80 ne, da kifin gwal huɗu, amma sai ɗaya ya zo ya manna baki da gilashi nake ganinsa. In na kwashe rabin ruwan na zuba sabo ya ɗan washe, kafin Juma'a ta zagayo an koma gidan jiya. Wani mai sayar da kayan kifi ya ce in sayi fitilar UV, wato mai hasken da ke kashe ƙananan halittun cikin ruwa. Kafin in fidda kuɗina ina son jin bakin wanda ya gwada da hannunsa.

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni na sa mai wat 9 a akwati mai lita 100, irin wadda ƙwan ke rufe cikin baƙin bututu, da ɗan famfo mai jan ruwa ya bi ta ciki. Kwanakin farko ba ka ganin komai, har matata ta fara yi mini dariya. Daga nan koren ya dusashe, ruwan ya yi fari-fari, wata safiya kuma sai ga tsakuwar ƙasa ina ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Bai cika mako ba. Sai dai fitilar tana son ta yi ta ci dare da rana. Maƙwabcina ya sayi irinta ya dogara da wutar layi, a kawo awa uku a ɗauke sai gobe, har yau ruwansa kore ne yana cewa an cuce shi. Tawa a kan inbata na jona ta, ita da famfon ba su ci rabin abin da fanka ke ci ba.

Malamar Kimiyya, Samaru
Abin da ya sa canjin ruwa bai yi maka magani ba, Malam, wannan koren gansakuka ce, amma ba irin mai zare ba ce da ke manne wa dutse. Ƙwayar halitta ɗaya ce tak, tana yawo a cikin ruwa, ƙanƙantarta ta sa take wuce soson filta salin-alin. Kuma rabuwa take yi, in akwai haske da abinci sai ta yi ta ninkawa, rabin da ka bari ya isa ya cike gurbin wanda ka zubar. Hasken da ƙwan ke fitarwa, mai tsawon zango nanomita 254, yana lalata sinadarin gadon da ke cikin ƙwayar ne, sai ta kasa rabuwa, ta mutu. To amma wadda ta ratsa ta gaban ƙwan kaɗai yake samu. Shi ya sa gudun ruwan ke da muhimmanci. Famfon da ya zo da tawa ya yi ƙarfi, ruwa na wucewa fuu, hasken bai gama da shi ba. Da na rage bakin tiyon ruwan ya dawo tafiya a hankali, nan aiki ya kankama. Kada kuma ka ji tsoro don ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su a manne suke a soso da tsakuwa, ba sa bi ta bututun.

Mai Tarwaɗa, hanyar Shika
Ku yaran nan da son sayen inji. Mu a kududdufin siminti har takin kaji muke sawa don ruwa ya yi kore, 'ya'yan karfasa da shi suke tashi. Kai mai tambaya, a ina ka ajiye akwatin, kuma wa ke ba su abinci?

Baban 'Yan Biyu, Gyallesu
Baba, gefen taga yake, ranar la'asar na dukansa kai tsaye. Abinci kuwa ni da safe, yara kuma duk wanda ya wuce sai ya barbaɗa.

Mai Tarwaɗa, hanyar Shika
To ka gani. Rana ga ta, taki ga shi, gona ka yi. Ka lulluɓe shi ruf kwana uku zuwa huɗu, ko leƙe kada a yi, kada a ba su komai. Kifin gwal ba ya mutuwa don yunwar kwana huɗu. Ko kwabo ba ka kashe ba.

Hajiyar Hanwa
Baba, a yi mini afuwa, maganarka gaskiya ce amma a wannan zafin tana da haɗari. Bara a watan Afrilu na lulluɓe nawa da bargo, aka ɗauke wuta cikin dare, injin iska ya tsaya. Da asuba na ɗaga bargon na tarar da su duk sun taso sama suna buɗe baki, babbar cikinsu ta kwanta a gefe, ba ta kai hantsi ba. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, ita kuma gansakuka in babu haske shaƙar iskar take yi maimakon ta bayar. Wanda zai yi duhun ya kewaye gilashin da kwali, ya bar sama da 'yar kafa, ya nemi ɗan injin iska mai batir.
Daga baya UV ɗin na saya, ta yi mini aiki. Abin da ba a faɗa wa mutum a shago shi ne gawar gansakukar ba ɓacewa take yi ba. Soson filtata ya cika da wani koren danƙo mai ƙarni, in ka bar shi ya ruɓe amoniya mai cutar da kifi ce ke tashi. Na riƙa matse shi a bokiti da ruwan akwatin, ba ruwan famfo ba saboda kulorin, ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Ɗalibi, Kongo
Don Allah kada wanda ya kunna ƙwan a waje don ya ga ko yana ci. Abokin zamana a ɗaki ya zare shi daga bututu ya kunna, yana yaba shuɗin hasken, minti kaɗan ne. Ba abin da ya ji sai tsakar dare, ya tashi idanu jajur, hawaye na zuba, yana cewa yashi aka zuba masa. A asibiti suka ce ciwon da masu walda ke yi ne in sun yi aiki ba tabarau. Ya warke bayan kwana biyu, amma ya sha wuya.

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari
Allah ya ƙara kiyayewa. Shi ma shuɗin nan ruɗi ne, ainihin hasken da ke aikin ido ba ya ganinsa. Ƙwan zai ci gaba da yin shuɗi alhali ƙarfinsa ya tafi, don haka in kullum yana kunne a canza shi kamar shekara-shekara. Kwalbar da ke rufe shi kuma ba gilashin banza ba ce, kwaz ce, wani gilashi na musamman da hasken ke iya ratsawa, gilashin taga tare hasken yake yi. In ta yi fari-fari a goge da ruwan lemon tsami. Tsohon ƙwan akwai zaiba a ciki, kada a bar yara su fasa.

Amaryar Tudun Wada
Ni fa alam na yi niyyar jefawa, yadda muke yi wa ruwan 'yan garuwa in ya zo da laka. Anti Malama, zai yi?

Malamar Kimiyya, Samaru
A'a ƙanwata, bar alam a randa. Yana tsamar da ruwa farat ɗaya, kifi ba sa jure wannan. Kuma ki duba inda ake ɗebo ruwan. Wata rijiya da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki tana zuwa da naitaret, abincin gansakuka ke nan tun daga jarka. Wani abu kuma, duk ranar da kuka sa wa kifi magani a ruwa ku kashe fitilar, tana karya wasu magungunan.

Baban 'Yan Biyu, Gyallesu
Na gode ƙwarai. Na janye akwatin zuwa bangon da rana ba ta kaiwa, gwangwanin abinci ya koma saman durowa. Fitilar zan saya ranar Asabar, mai wat 9, in jona ta a sola. Koren da ke jikin gilashin fa?

Hajiyar Hanwa
Wannan sai hannu, Alhaji. Sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ko tsohon katin banki, ka kankare.

Mai Tarwaɗa, hanyar Shika
Tunda ka rantse sai ka saya, kafin ka kunna ka cika mini jarka biyu da koren ruwan nan. Ina da 'ya'yan karfasa da suka ƙyanƙyashe shekaranjiya. Yarona zai biyo ta Ƙofar Doka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya karɓa.