Masu jin mawaƙi Wizkid tun zamanin kundinsa na farko Superstar, ya kuka ji da sabon salonsa?

Mai kiɗan biki: Salam jama'a. Asabar ɗin nan ina aiki wajen wata dina, fili ya cika ana ta cashewa da tsohuwar waƙar Wizkid Pakurumo, sai na ce bari na sako ɗaya daga cikin waƙoƙin kundinsa Morayo, wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba ƙawayen amarya duk suka koma kan kujeru, wata ma har gaban sifika ta tako ta ce malam dan Allah mayar mana da Wizkid na asali. Na mayar, amma abin ya tsaya min a rai har na koma gida. Akwai wanda ya taɓa ganin irin haka?

'Yar Tudun Wada: Ai da ina wajen da ni ma zama zan yi. Ina aji biyar a sakandare Superstar ya fito a 2011, ta bulutut muke tura waƙarsa Holla at Your Boy daga waya zuwa waya, akwai ƙawata da ta manna hotonsa da hular nan tasa a cikin murfin akwatinta. Wancan yaron muka sani. Kundinsa More Love, Less Ego na 2022 sau uku ina kunnawa ina jira ya shige ni, shiru, kiɗan ya yi sanyi da yawa, ga busa ga jan murya a hankali kamar mai raɗa.

Direban dare: Hajiya na fahimce ki amma ki duba, a 1990 aka haife shi, ya za a ce magidanci mai 'ya'ya ya dinga waƙar da ya yi yana ɗan shekara 20? Shi da kansa a 2024 ya rubuta a Instagram cewa mai neman Wizkid na Pakurumo kar ma ya sauke sabon kundin. Ni ma da ina cikin masu cewa ya lalace. Mahaifiyarsa ta rasu a watan Agustan 2023, sunanta ya sa wa Morayo, tawa kuma Allah ya yi mata rasuwa bara. Ranar nan na sauke fasinja na ƙarshe wajen ƙarfe ɗaya na dare, hanya ba kowa, na kunna kundin daga farko, sai da na faka gefen titi na kashe mota don idona ya cika da ƙwalla bana ganin gabana.

'Yar Tudun Wada: Allah ya jiƙan mama ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri.

Ɗan Zongo: Amin. Mu nan Kumasi a shagon aski kullum musun kenan, masu yabo su ce da sanyin nan waƙarsa Essence ta shiga goman farko a jadawalin waƙoƙi na Billboard ta Amurka, ya cika babban zauren O2 na Landan dare uku a 2021, sauran su ce to Turawa ya yi wa. Amma tsohuwar waƙarsa Ojuelegba in ta shigo kowa shiru yake, har mai askin.

Mai kiɗan biki: Na gode. Akwai kamu ranar Juma'a, zan gwada sa sababbin lokacin cin abinci in gani.