Jama'a, yaya za mu ce "comité d'éthique" na dabbobi da Hausa?

Mai Rediyo, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shirin Hausa ran Alhamis da dare, baƙuwata likitar dabbobi ce da ke zama a comité d'éthique, wato mutanen da sai sun sa hannu kafin mai bincike ya taɓa ɓera ko saniya. Gobe da azahar zan miƙa rubutun kuma har yanzu ba suna. Masu saurarona 'yan tike ne da mahauta, in na ce musu komite detik murɗa tasha za su yi. A taimaka don Allah.

Ɗan Marwa: Kwamitin ɗa'ar dabbobi. An gama.

Inna Kusiri: Haba ɗana, ɗa'ar dabbobi kuma? Ai sai a ɗauka akuya za a koya wa gaisuwa. Ɗa'ar ta mai binciken ce ba ta dabbar ba.

Ɗan Marwa: To kwamitin kare haƙƙin dabbobi, Inna.

Daktar Dabbobi, Ngaundere: Ni ce baƙuwar, gara in sa baki tun kafin a raɗa mana sunan da ba namu ba. Kare haƙƙi ya yi mana yawa, don mu muna ba da izini a yi wa dabba allura, a ɗebi jininta, wani lokacin har a kashe ta. Aikinmu awo ne. Mutum zai kawo takarda ya ce yana son gwada maganin sammore a kan shanu, sai mu zaunar da shi, shanu nawa, me ya sa ba rabin haka ba, jini nawa za ka ja daga jijiyar wuya kuma sau nawa a sati, wa zai riƙe saniyar, in ta kwanta ta daina cin ciyawa a wane mataki za ka tsaya ka yi mata magani ko ka hutar da ita. Wannan ta ƙarshe ita ce ke sa su gumi, yawanci ba su yi tunaninta ba sam. In amfanin bai kai wahalar ba mu mayar masa da takardarsa. Tushen duka ƙa'idoji uku ne da masana biyu, Russell da Burch, suka kawo a Ingila a 1959, da Faransanci remplacer, réduire, raffiner, su ma a nemo mana Hausarsu.

Mushe Mai Ritaya: Kafin a je nan. Kwamiti ba Hausa ba ce, aron Turanci ce da 'yan Najeriya suka liƙa mana. Kakanninmu na da abin tun kafin Bature, maharbi kan gwada dafin kibiya a jikin zakara, daga nan aka samu zakaran gwajin dafi. Ni na raɗa: Majalisar Zakaran Gwajin Dafi.

Ɗan Marwa: Baba ranka ya daɗe, majalisa fa Larabci ce 😂

Mushe Mai Ritaya: Larabci ya kwana a gidanmu ɗaruruwan shekaru yaro, ba baƙo ba ne.

Bakano a Injamena: Da dai kun bi abin da BBC Hausa da jaridun Kano ke faɗa kun huta, kwamitin ɗa'a suke cewa. Hausar da ta cakuɗe da Fillanci da Faransanci ba ita za ta yanke mana kalma ba.

Inna Kusiri: Ikon Allah. Ku da kuke cewa "zan yi calling ɗinka" ku ne za ku koya mana? Mu mun ce lekkol kun ce mun lalace, ku kun ce firamare kun zama masu asali. Shirin nan mutanen Garwa za su ji shi ba 'yan kasuwar Kurmi ta Kano ba.

Bakano a Injamena: Allah ya huci zuciyarki Inna, ban da niyyar zagi. Amma gaskiya ɗaya ce.

Mai Rediyo, Garwa: Jama'a azahar ɗin gobe fa nake magana.

Daktar Dabbobi, Ngaundere: Baba, sunan da ka raɗa na da daɗi a kunne amma in an ce an mai da mutum zakaran gwajin dafi ai cuta ake nufi, mai sauraro zai ɗauka mu ne masu ba da dafin. Kuma kwamiti irin wannan ba na likitoci kaɗai ba ne, a Amurka ƙa'ida ce sai an sa mutum daga waje wanda ba ma'aikacin wurin ba, shi ne mai yin tambayar da mu muka saba har muka daina yi. A ƙa'idojin nan uku kuwa, biyun farko ina ganin sauyawa da ragewa sun isa, in za a iya gwajin a kwalba ko a kwamfuta a bar dabba, in ba za a iya ba a rage yawansu. Raffiner ce ta gagare ni.

Ɗan Marwa: Tacewa?

Inna Kusiri: Koko ake tacewa. Kyautatawa. Hadisi ya ce in za ku yanka ku kyautata yankan, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, duk mahaucin da ke saurare ya san wannan.

Daktar Dabbobi, Ngaundere: Ta kusa Inna, sai dai raffiner ta haɗa da maganin kashe zafi da faɗin keji da koya wa ma'aikaci riƙon ɓera, ni sassautawa ta fi kwanta mini.

Mai Rediyo, Garwa: Na rubuta kwamitin ɗa'ar bincike kan dabbobi, sau ɗaya a farko, daga nan sai in riƙa cewa masu ba da izinin gwaji. Ta ukun Dakta ki faɗi wadda ta zo bakinki ran Alhamis, na bar wurin fili.

Mushe Mai Ritaya: Suna mai tsawon igiyar rijiya. Ba komai, ku sa. Amma za a buɗe layin waya ko? Zan kira.