Kyaftin Glover: daga jirgin yaƙin Ingila zuwa dakarun Hausawa

Mai tambaya: Jama'a, wa ya san yadda hafsan sojan ruwa John Glover ya ƙare da kafa rundunar Hausawa a Legas? Ruwa daban, tudu daban.

Malamin tarihi: Ɗan'uwa, ai kogin Kwara ne ya jawo shi. An haife shi a 1829, ya shiga sojan ruwa a 1841 yana ɗan shekara 12, kamar yadda aka saba a lokacin: yaro ya koyi igiya, awon zurfi da karatun taswira kafin a yi masa jarrabawar laftanan. A 1857 aka haɗa shi da Dokta Baikie, jagoran tawagar Turawa masu binciken kogin, a jirgin Dayspring, aikinsa auna kogin da zana taswira.

Tsohon matuƙi: Malam, bari in ƙara. A kusa da Jebba jirgin ya fashe, a Oktoban shekarar. Kogin yana matsewa tsakanin duwatsu a wurin, ruwa na ƙara gudu. Injin tururin ƙarami ne, bai iya tura jirgin gaba ba, sai igiyar ruwa ta juya shi ta maka da dutse. Ko sitiyari ba ya jin magana idan jirgi ya rasa gudu. Kusan shekara guda suka yi a bakin gaɓa kafin jirgin Sunbeam ya iso, shi kuwa Glover ya bi ta ƙasa har Legas neman kayan masarufi.

Malamin tarihi: A irin wannan tafiya ya san Hausawa, da yawansu bayi ne a ƙasar Yarbawa. A 1863, da ragamar Legas ta shiga hannunsa, ya tara ƙaramar rundunarsa daga cikinsu, wadda sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Iyayen gijin bayin ba su ji daɗi ba, don wanda ya sa kaki ya fi ƙarfin a kamo shi.

'Yar Zangon Kumasi: Yallabai, kun tsallake namu. A yaƙin Ingila da masarautar Asante, a ƙasar Ghana ta yanzu, na 1873 zuwa 1874, Glover ya biyo ta gabas, ta wajen kogin Volta, da Hausawansa. Rashin 'yan dako ya ja masa jinkiri, ya isa Kumasi bayan Wolseley, babban kwamandan sojan Ingila a yaƙin, ya ƙone ta ya juya.

Tsohon matuƙi: Haka ne, Hajiya. Daga baya gwamnan Newfoundland aka ba shi, can ƙasar sanyi, a Kanada ta yanzu. A Landan ya rasu, 1885.