Na gaji bindigar mahaifina, abokai na kirana farautar dare da tocila

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena mahalba. Ina neman shawara. A rabon gado an ba ni bindigar mahaifinmu, kalibar 12 mai baki ɗaya, ta kai shekara shida a rataye ba a taɓa ta ba. Ina so in fara fita neman zabi da zomo. Wasu abokai sun ce mu hau babura mu yi arewa wajen Dakwaro da dare, da tocila mai ƙarfi, wai gefen Gadabeji barewa na tsayawa cak in an haske ta. Zuciyata ba ta kwanta ba. Shin doka ta yarda? Wace takarda ake buƙata? Ina ne mutum zai shiga ba tare da rigima ba? Kuma ina son ganin raƙuman dawan da aka ce an kai can.

Tsohon Ɗan Gandu:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da abokanka suka tsara laifi uku ne a fita ɗaya. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. Ta hana halbi daga kan abin hawa mai inji. Ta hana kora da wuta, da raga, da ramin tarko, da guba, da makamin yaƙi. Na uku kuma shi ne wurin: Gadabeji gandu ne da aka killace tun 1955, faɗinsa hekta dubu 76, kuma ba a farauta cikinsa ko rani ko damina. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take ba kariya ta musamman. Kalmar "gefen gandu" ita ke jefa mutane cikin wahala, don babu katanga, da dare kuwa ba ka san inda iyaka take ba.

Takardu biyu ne, kuma kada a haɗa su. Ta farko izinin riƙe makami, wannan ta hannun hukumar cikin gida take fitowa, ka fara daga ofishin farfe na yankinku. Takardar mahaifinka ba ta zama taka don ka gaji bindigar, sai an mayar da sunanka. Ta biyu permi, wato takardar izinin farauta, daga ofishin ma'aikatan gandun daji. Ga mai neman zabi da zomo da bindiga, permin ƙaramar farauta ake nema. Akwai na farautar gargajiya dabam, akwai kuma na kallo. Ranar buɗe farauta da ta rufewa gwamnati ke sanarwa, saboda haka ka tambaya a ofishin kafin kowace fita, kada ka dogara da abin da aka yi bara. Ka nemi su nuna maka jerin dabbobin da ba a taɓawa ko da permi. Raƙumin dawa da jimina da giwa suna ciki.

Mahalbin Tarka:
Ƙanena, kafin maganar daji a duba bindigar, don bindigar da ta shekara shida a rataye ta fi maciji haɗari ga mai ita.

Ka karya ta, wato ka buɗe ta a mahaɗarta, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa daga baya. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka cikin bakin bindiga, kuma ɗan wannan toshewar ya isa ya fasa ƙarfe a hannunka. Ka zura sanda da tsumma mai ɗan mai har tsumman ya fito fes. In ka ga ramuka na tsatsa a ciki, ko kumburi, ko wurin da ya loɓa, a kai wa maƙerin bindiga, ba ranar gwaji ba ce. Sai ka rufe ta ka girgiza: in bututu na motsi a mahaɗarsa da gindi, ta yi sako-sako, iskar wuta za ta dawo maka fuska.

Abin da mutane ba su dubawa shi ne tsawon ɗakin kartush, wato inda harsashi ke zama cikin bututu. An buga shi jikin ƙarfe da milimita: 65, ko 70, ko 76. Tsofaffin bindigogi ƙirar Simplex wasu 65 ne. Kartush mai 70 zai shiga ɗakin 65 lafiya lau, don tsawon ana auna shi ne bayan kartush ya buɗe. Sai an halba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Kar ka sa wanda ya wuce lambar da ke jikin bindigarka.

Dalma kuwa, lamba 6 ta isa fakara da zomo, lamba 4 ta fi dacewa da zabo don gashinsa na da kauri. Ka kafa kwali a taki talatin, ka zana da'ira mai faɗin kamu uku, ka halba ka ga yadda ƙwayoyin suka watsu. In akwai gurbin da zabo zai shige ba a taɓa shi ba, to nisanka bai kai nan ba, ka rage. Bayan mita 35 yawanci raunatawa ake yi, tsuntsu ya tafi da dalma ya mutu cikin sabara, dila ya ci. Amma ƙwayar da ba ta kashe zabo a mita 50 tana tafiya sama da mita 200, kuma tana tsiyaye idon ɗan kiwo. Duba abin da ke bayan naman kafin ka duba naman.

Ɗan Mai Karnuka:
Ni fa Baba Ɗan Gandu, da girmanka, ina da ja. Dokar nan talaka take ci. Kowa ya san baƙi daga ƙasashen Larabawa sun sha zuwa da jerin motoci da shahuna suna kwasar tuje da barewa a arewacin ƙasar nan. Wanda ya kashe zomo ɗaya don miyar gidansa shi ake karɓe wa bindiga. Kakanninmu sun yi farauta babu permi daji bai ƙare ba.

Tsohon Ɗan Gandu:
Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, ban musa ba. Ɓarnar mota ɗaya ta fi ta mahalbi goma masu baka. Amma kakannin da ka ambata ba sakaka suke shiga ba. Akwai Sarkin Baka, akwai ranar buɗin daji, akwai kurmin da ba a shiga, kuma wanda ya kashe mai ciki sai ya ji kunya a gaban 'yan'uwansa. Sannan a zamaninsu tsakanin gari da gari daji ne, yau gona ce ta haɗe da gona tun daga Tibiri har Tasawa. Naman da ya rage yana maƙale ne a 'yan tsirarun wurare. Laifin baƙo ba ya mayar da barewar da ɗan gida ya kashe.

Mahalbin Tarka:
Bari in ƙara kan tocilar, don matsalarta ba ta doka kaɗai ba ce. Da dare ido biyu kawai kake gani suna ƙyalli. Ba ka san mace ce ko namiji ba, ba ka san ko tana shayarwa ba, ba ka ma tabbata barewa ce ko 'yar akuyar Bafillace ba. Barewa ɗa ɗaya take haifa mafi yawa, bayan ciki na wajen wata shida. In ka ɗauke uwa a rani ka kashe uku: ita, da na cikinta, da wanda ke kwance cikin ciyawa yana jiran nono. Zabo da zomo suna jure farauta saboda suna da yawan haihuwa, zabuwa na zuba ƙwai fiye da goma. Ita ma da sharaɗi: daga faɗuwar ruwa har kaka ba a taɓa ta, lokacin kwanci ne da kiwon tsaki. Kuma in ka tarar da garke na ashirin, biyu ko uku sun isa, ka bar wurin ya huta mako biyu. Wanda ke zuwa bishiyar kwanansu da fitila yana kakkaɓe su, a fita biyu ya share garken, shekara mai zuwa shi ne zai fara cewa daji ya mutu.

Mahalbi na gane mahalbi ne ta sawu. Zabi na saukowa kiwo da sassafe, su nufi ruwa, su koma inuwa in rana ta yi zafi, su sake fitowa bayan la'asar. Ka nemi inda suke birgima cikin ƙura da gashin da suka zubar. Ka saki ɗan rairayi daga hannu ka ga inda iska ta nufa, ka sa ta a fuskarka. Magabata da ke ɗaura kan burtu suna rarrafe sun san abin da suke yi: haƙuri ke kai mutum taki ashirin daga nama.

Malamin Unguwar Zariya:
Ta fuskar addini, Ɗan Gulbi, farauta halal ce, aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar da aka horar. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kare ko halbi. In ka riski naman da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka, halbin bai wadatar ba, don haka wuƙa mai kaifi ba ta rabuwa da mahalbi. A mazhabarmu ta Malikiyya, naman da ka halba ya ɓace maka har ya kwana, ba a cinsa. Farauta don wasa kawai, ba don ci ko wata buƙata ba, malamai sun ƙi ta. Kuma wanda ya raunata dabba, bin sawunta ya hau kansa kafin ya nemi wata.

Ina roƙon 'yan'uwa kan angulu. Ana kashe su don sayar da kai ga masu magani, wasu na zuba guba a mushe. Mushe ɗaya mai guba na kashe angulu da yawa, da karnuka, da dila. Ku duba mahautar gari ku gaya mini angulu nawa suka rage.

Baba na Gabi:
Kan inda za ka shiga, yaro. Kudu, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, ka ajiye shi tukuna. Da matsalar 'yan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Rumji, mutum a kan babur da bindiga da dare, jami'in tsaro ba zai tsaya tambayarsa permi ba, mutanen ƙauye ma haka. Ko da rana, bindiga na tafiya ne a karye, babu kartush ciki, cikin jakarta, takardunka a aljihu.

Duk inda ka nufa, fara da ƙofar mai gari. Ka gaishe shi, ka faɗi inda za ka da lokacin dawowa, ka nemi mahalbin garin ya raka ka, ka ba shi kasonsa. Gona mai amfani a tsaye ba a shiga. Bayan girbi ma, a jira a kwashe wake da kara. Kada ka yi halbi kusa da rijiya, ko mashaya, ko burtali, ko ruga: ƙarar bindiga na tarwatsa garke, rigimar da za ta biyo baya ta fi zabon tsada.

Sai wuta. A Bermo da Dakwaro ciyawar da ta bushe bayan damina ita ce abincin dabbobi har ruwa ya sake sauka. Guntun taba, ko tsumman da ake cusa wa adaka in ya faɗi yana ci, sun isa su cinye kiwon yanki guda in iskar hunturu ta kama. In za ka gasa wani abu, share fili taki uku kowane gefe, ka binne garwashin da rairayi kafin ka tashi.

Nama kuma a fitar da hanji da maƙoƙo nan take, a rataye a inuwa ya sha iska, a ɗauko cikin buhun algarara ko jakar tsumma. Leda na dafa shi, kafin azahar ya yi wari. Tsuntsun ruwa da ka tarar matacce ko yana layi, kar ka taɓa. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006.

Hajiya Mai Madubi:
Ni kan kallon zan yi magana, ɗana, tunda maza sun cika ka da dalma. Raƙuman dawan na gaske ne. A Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su cikin mota zuwa Gadabeji, a 2022 aka ƙaro huɗu. Irin namu ne na Afirka ta Yamma, masu hasken fata, waɗanda a 1996 saura 49 kacal a duniya.

Ka bar bindiga a gida. Ka sanar da ofishin gandun daji, ka tambayi halin hanya, ka shiga da ɗan rakiyar gandun, su suka san inda dabbobin suka kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. Ka isa kafin fitowar rana, ka sa tufafi masu launin ƙasa, ka riƙe madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake a hannu. Duba saman ƙandili da aduwa, nan suke kiwo. In raƙumin ya daina ci ya zuba maka ido, ka matso da yawa, tsaya ko ka ja baya. Kar ka shiga tsakanin uwa da ɗa, shurinta na karya ƙashi. Za ka iya cin karo da barewa, da jan biri, da tuje, da manyan angulu a kan sheƙa.

In tsuntsaye kake so, tabkin Madarunfa da rana tsaka-tsakin hunturu: kirinjijiya, da zalɓe, da agwagin da ke zuwa daga Turai su koma wajen Maris. A je da safe a dawo da wuri. Ka riƙa rubuta rana, da wuri, da adadin da ka ƙirga.

Ɗan Mai Karnuka:
To Hajiya, kallo ba ya cika tukunya. Amma maganar tocila na karɓa. Karnuka ma da rana muke sakinsu.

Ɗan Gulbi:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na duba jikin ƙarfen, 65 ne aka buga, kartush ɗin da abokina ya ba ni kuwa 70. Baba na Tarka, a ina ake samun mai 65, ko maƙeri na iya faɗaɗa ɗakin?

Mahalbin Tarka:
Kar ka bari kowa ya sa wa ɗakin gagara ko abin huji, ƙarfen wurin ne ke ɗaukar matsin gaba ɗaya. Ka mayar wa abokinka nasa. In takardarka ta fito, mai sayar da kartush da izini zai nemo maka 65, ko 67 wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ya dace da ɗakin 65.