Fiƙar kyanwata ta karye, a cire ko a bari?

Maman Hadiza, Yantala: Salamu alaikum. Kyanwata ta faɗo daga katanga, tsinin fiƙarta ta sama ya ɓalle, ana ganin ɗigo ja a tsakiya. Likitan dabbobi ya ce jijiya ce ta fito, wai a kyanwa jijiyar fiƙa har kusan tsini take kaiwa. Ko a cire haƙorin, ko a kashe jijiyar a cike, duka da allurar barci. Shekararta 9, barcin nake tsoro. Wa ya taɓa yi?

Ɗan Katako: Hajiya, haƙori 30 gare ta, saura 29. Ɓerayen Yantala dai sun samu hutu.

Baba Wadata: In tana cin abinci, ki ƙyale ta.

Inna Bukoki: A'a Baba, haka aka ce mini. Tawa wata biyu tana ci, ashe kyanwa ɓoye ciwo take. Fuskarta ta kumbura, yawu na zuba. Wani mai tebur a kasuwa ya ce in ba ta rabin parasetamol. Da safe dasashinta ya yi duhu, tana haki, kafin la'asar ta mutu. Daga baya na ji guba ne ga kyanwa. Har yau ƙaramata tana ajiye mata kan kifi.

Maman Hadiza: Allah sarki, sannu Inna. Amma batun barcin fa?

Abdu Harobanda: An cire wa tawa, jika 15. An ce kar ta ci komai tun dare. Kwana uku ta koma cin kifi.

Ramatu: Jika 15? Ni 40 aka ce, ban da awon jini.

Abdu Harobanda: Ƙanena a Dakar ya karanta likitancin dabbobi, ya ce ba a cikewa sai da radiyon haƙori, wato hoton cikin haƙorin.

Baba Wadata: Shekara 30 ina kiwo, yaro zai koya mini?

Ramatu: Tumaki kake kiwo, Baba.

Inna Bukoki: Mai teburin nan yana nan yana sayarwa, maganin a rana.

Baba Wadata: Wannan gaskiya ne. Bara gab da Layya na sayi maganin tsutsa, rago biyu suka kwanta. Wa ke duba masu teburin nan ne?

Ɗan Katako: Nawa ka sayi ragunan, Baba?