Wutar da tocila ke sha alhali tana a kashe: me za mu kira ta da Hausa?

Ƴan uwa, ina neman kalma. Ranar Talata da dare kuran ya ɗauke a unguwar Bagalam, a Maradi, ina tsaye bakin ƙofa ina lalubar kwaɗo. Na ciro ƴar tocilar da ke rataye da makullaina, na danna, shiru. Na cika ta da caji wata uku da suka wuce, kuma ban kunna ta ko sau biyar ba. A gidan akwai tsohuwar tocilar babana, irin wadda ake murɗa kai, pil ɗinta AAA ya shekara a ciki, amma ina murɗawa ta kawo haske.

Bambancin yana ga makunni. Makunnin murɗawa, da wanda ke yin ƙas in an danna, suna raba ƙarfe da ƙarfe, hanyar wuta ta yanke ɗungurungum. Makunnin zamani kuwa, mai taushin nan da ke ba ka haske hawa uku ko huɗu, ba ya yanke komai. Akwai ƴar ƙwaƙwalwa a ciki da ba ta barci, tana jiran yatsanka dare da rana, kuma jiran nan da wuta take yin sa. A ce batirin 100 mAh ne (miliamfa-awa, ma'aunin cajin da batiri ke ɗauka), ƙwaƙwalwar tana jan mikro'amfa 50 (mikro'amfa dubu ke yin miliamfa ɗaya): cikin awa 2000 ya ƙare, wato kwana 83, ba tare da ka haska ko tafin hannunka ba.

Da Faransanci ana cewa courant de veille, da Ingilishi parasitic drain. Mu fa?

Wani mai gyaran rediyo a babbar kasuwa ya ce mini yoyo. Na so kalmar, amma ta riga ta yi miji. In ka ce pil yana yoyo, kowa zai ɗauka ruwan nan ne da ke fitowa ya bushe fari ya cinye waya. Wani malamin makaranta ya kawo zurarewa. Ita ma tana da wurinta, sai dai ta fi dacewa da batirin da ke rage ƙarfi da kansa ko yana ajiye cikin kwali, abin da zafin Afrilu a Maradi ke ƙara wa sauri. Cuta biyu ce daban, bai kamata su ci suna ɗaya ba. In kuma aka ce wutar jira, ta fassara Faransancin daidai, amma ba ta nuna cewa asara ake yi.

Ni abin da ya kwanta mini shi ne tsotson kaska. Duk wanda ya taɓa kiwon jar akuya ya san ta: tana maƙale bayan kunne, ba a ganin jini na zuba, akuya na ci tana sha amma tana ramewa. Ita kaska sai ta raɓi mai jini, haka ƙwaƙwalwar nan sai da batiri a jikinta. Ka raba su, tsotso ya tsaya. Shi ya sa a tocilar ƙarfe da yawa, in ka ɗan sassauta murfin gindi, batirin yake daɗewa.

Na gwada kalmar a bakin mai gyaran. Na ce, Malam, wannan tana da tsotson kaska? Bai tambaye ni ma'ana ba. Ya juya tocilar, ya danna makunnin da babban yatsa, ya ce duk mai taushin nan tana da shi, sai dai wata ta fi wata.

Saura mutanenmu na Katsina da Damagaram. In akwai kalmar da masu gyara ke faɗa a wajenku wadda ta riga wannan, ku kawo ta, ita za mu ɗauka.