“Gara Welsh mai gargada da Turanci mai santsi”: hikima ce ko uzurin malalata?

Ɗan Cardiff: Salamu alaikum jama'a. Wannan magana ce ta ta da ƙura a taron iyaye da malamai na wata sakandare a kudancin Wales, wani yanki na Birtaniya. Wani uba ya yi ƙorafi cewa malamar Welsh, harshen mutanen yankin, ba ta gyara wa yara kuskure, ita kuwa ta mayar masa da “Gwell Cymraeg slac na Saesneg slic”, wato gara Welsh mai gargada da Turanci mai santsi. Uban ya ce wannan uzurin malalata ne. Ni na ɗauke ta daidai da “guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni”. Ko na kauce?

Malamar Aji: Wa alaikumus salam. Ba ka kauce ba, sai dai a duba inda ake faɗarta. Tun 1999 Welsh dole ne ga kowane ɗalibi har shekara 16, amma a makarantun da ake koyarwa da Turanci bai wuce 'yan awoyi a mako ba. Yaro ya ci jarrabawa, ya kasa sayen burodi da harshen. Abin da ke ɗaure musu baki shi ne sauyin harafin farko: Caerdydd ne sunan garin Cardiff da Welsh, amma “zuwa Cardiff” i Gaerdydd ne, “a Cardiff” kuma yng Nghaerdydd. In ka tsayar da ɗan shekara 12 a tsakiyar zance don wannan, gobe da Turanci zai amsa maka. Shi ya sa ake raba aiki: a littafi a gyara da jan biro, a baranda da ɗakin cin abinci a ƙyale shi ya zuba.

Tsohon Hedimasta: Malama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren da ya shekara biyar a baki ba jan biron da zai cire shi. Kuma gatarin nan ma ina da ja. Karin maganarmu a kan abin da yake naka ne. Yaron da iyayensa da kakanninsa Turanci suke yi a gida, Welsh ɗin gatarinsa ne ko na aro?

Malamar Aji: Ranka ya daɗe, ai nan ne aikin yake. Ana kafa Criw Cymraeg, ƙungiyar ɗalibai da ke jan ragama da kansu. Su zaɓi jimlar mako, a kira suna da safe a amsa da “yma”, wato “nan”, a sa waƙoƙin Welsh lokacin tara, a shirya gasar eisteddfod ta makaranta, wato gasar waƙa da adabi, wajen 1 ga Maris. Shirin Siarter Iaith, na ƙarfafa amfani da Welsh a makarantu, yana ba makaranta lambar tagulla, azurfa ko zinariya. Inda ake yin tuntuɓe shi ne katin lada da ake ba wanda aka ji yana Welsh: yara su gane dawan garin, su riƙa yi sai malami ya matso. Na biyu, shekarar farko ta sakandare. Abokai biyu in suka fara sabo da Turanci a makon farko, da wuya su sake, ko da daga firamaren Welsh suka fito.

Bazazzagiya: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Tana da wata ƙwaryar fura da gyartai suka ɗinke har sau uku. Aka kawo mata kwanon samira sabo fil, ta jera shi a ɗaki, ta ci gaba da damu a tsohuwar. Ta ce furar kwano ba ta da ƙamshi. Amma ranar da surukai suka zo, sai ta ɓoye ƙwaryar a bayan randa, ta fito da samira. Da suka tafi kishiyarta ta yi mata tsiya, ta ce, “Ke Yaya, mai ɗinki ta cikin gida ce, baƙo ba ya ganin tsumman uwa.” Sai da ƙwaryar ta rabe biyu, ta mai da ɓari ɗaya na ɗiban tsaba.

Ɗan Birni: Allah ya jiƙan Iya. Amma furar gero ce ko ta dawa? Don in ta dawa ce, ba laifin kwano ba ne.

Tsohon Hedimasta: To kun ji, Iya tana bayana. Gargada a gida, gyara a gaban baƙo.

Bazazzagiya: A'a Baba, bayan Malama take. Ai ba ta daina amfani da ita ba.

Ɗan Birni: Mu namu manyan akasin Iya suke. Shekara uku suna samira a Abuja, sai kamfe ya zo a zaro ƙwarya daga bayan randa, a zo ana “talakawana”. Wani ma karin maganar da ya ja a kan dandamali sai da ya karya mata ƙafa.

Ɗan Cardiff: Ɗan Birni, za ka ja a rufe mu. Mu koma. Ku tuna a ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro katako mai suna Welsh Not in an ji shi yana harshensu, wanda aka tashi makaranta yana wuyansa ya sha bulala. Wanda aka ci tararsa don ya yi Hausa a aji ya san zafin. Mai irin wannan tarihi dole ya ji tsoron sake tsorata yara.

Tsohon Hedimasta: Duk da haka ƙidayar 2021 ta ba da masu jin harshen 538,300, ƙasa da kusan 562,000 na 2011, ga shi gwamnati na neman miliyan ɗaya kafin 2050. Sassaucin bai cika rumbu ba.

Malamar Aji: Tsanani ma ba zai samo malaman lissafi da kimiyya masu koyarwa da Welsh ba, su ne ke ƙaranci.

Ɗan Birni: Bazazzagiya, har yanzu ba ki ce gero ko dawa ba. Kuma ɗaya ɓarin ƙwaryar fa, ina ya shiga?